Ranar da Na Rufe Bakin Malam Ilu

Sai da na yi kwana goma sha ɗaya a Ikara kafin wani bawan Allah ya tausaya mini ya ce, "Malam, in dai masu dafa mazarƙwaila kake nema, ai zaman banza kake yi a nan. Makarfi za ka nufa, ko Kudan."

Sunana Lawali, ni mutumin Damagaram ne. Ina koyarwa a wata jami'a can ƙasarmu Nijar, kuma a lokacin ina karatun digiri na uku a kan yadda manoma ke mayar da ruwan rake mazarƙwaila. Malamin da ke duba aikina bai ɓoye mini komai ba. Ya ce rani ɗaya aka ba ni. In dawo da maganar masu dahuwa daga bakinsu, tun daga matsar rake har zuwa zubawa a kwano. In na dawo hannu biyu, babu digiri, kuma kujerar koyarwar da nake kai ma an ba ni ita ne bisa sharaɗin zan kammala. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa. Ƙasar Hausa zan je, ni kuwa Bahaushe ne gaba da baya, me zai gagare ni?

A Ikara aka fara koya mini hankali. Tun a tasha, da na buɗe baki, wani ɗan acaɓa ya ce, "Buzu, ina kayan shayin naka?" Na ce masa ni malamin jami'a ne. Ya dube ni daga hula zuwa takalmi ya ce, "To Allah ya ba da sa'a, hau mu je." Wannan suna na Buzu ya bi ni har na bar ƙasar, alhali ko raƙumi ban taɓa hawa ba.

A nan kuma na haɗu da wani mai babbar riga da kowa ke kira Ciyaman. Ya ce duk manomin rake da ke yankin a tafin hannunsa yake, in ba shi takardun tambayoyina ya kai musu, kada in wahalar da kaina a rana. Na ji daɗi har na yi masa ihsani. Bayan mako guda ya dawo mini da su a cike tsaf. Da na zauna dubawa sai na ga rubutun hannu iri biyu ne kacal a takardun gaba ɗaya, kuma kowane manomi, da aka tambaye shi babbar matsalarsa, amsarsa ɗaya ce: a ba Ciyaman taki ya raba. Daga baya na ji cewa shi da surukinsa suka cike su a shagon wani tela. Ranar na kira matata Rabi a waya, na ce mata komai na tafiya daidai. Ta ce muryata ba ta nuna haka ba. Na ce mura ce.

Daga Ikara na tattara na koma Gazara, a ƙasar Makarfi. Nan kam na ga rake har idona ya gaji. Fadama ce shimfiɗe, ko'ina ka juya ƙarar injin matsa kake ji, ga hayaƙi na tashi, ga ƙamshin ruwan rake mai tafasa yana bin mutum har cikin riga. Wani dattijo, Alhaji Sale, ya ba ni ɗaki a zaurensa. Mutumin kirki ne. Da zazzaɓi ya kayar da ni a mako na biyu, shi da kansa ya riƙa kawo mini kunu da safe, yana zama har sai na shanye. Iyalinsa ma da suka ji ina kewar furar gida, suka dama mini da nono mai kauri aka miƙo. Ba ta kai ta Damagaram ba, amma na sha ina ƙwalla.

A Gazara ne kuma na fara ganin mutumin da ya hana ni sukuni. Ɗan ƙasar Japan ne, sunansa Kenji, ɗalibi kamar ni, kuma abin da ya kawo ni shi ya kawo shi. A lokacin hanyoyi ba su yi tsanani kamar yanzu ba, baƙo na iya yawonsa a ƙauye. Siriri ne, da gilashi, da wata hular kaba da ta fi kansa girma. Mutanen gari sun raɗa masa Ɗan'asabe don ranar Asabar ya sauka. Ni dai ban taɓa kiransa da sunan ba. Ni da nake ɗan uwansu ana ce mini Buzu, shi kuma da ya fito daga bangon duniya an yi masa suna kamar an yanka rago.

Hausarsa kuwa abin dariya. Kalmomi biyu ya fi riƙewa: "Mene ne?" da "Don me?" Sai ya tsuguna a gindin kasko, ya nuna ludayi ya ce, "Baba, mene ne?" A fashe da dariya a ce ludayi ne. Ya ce, "Don me dogo?" Sai ka ga dattijo mai furfura ya ajiye aikinsa yana yi masa bayanin yadda tururi ke ƙona hannu, da irin icen da ake yi wa ludayin mariƙi, da wanda ya koya masa, da abin da ya faru shekarar da kasko ya fashe. Shi kuwa ya ajiye 'yar na'urarsa ta ɗaukar magana a kan dutse, yana ta gyaɗa kai, bakinsa har kunne.

Ni kuma in na zo, da takarduna a hammata da alƙalami a aljihu, sai a tashi a shimfiɗa mini tabarma nesa da hayaƙi. A gaishe ni gaisuwa mai tsawo, a tambayi iyali, a tambayi mutanen Nijar, a kawo mini rake a fere. In na karanto tambayata, wadda na kwashe wata biyu ina tsarawa, misali, "Waɗanne matakai kuke bi wajen tabbatar da ingancin abin da kuke samarwa?" sai mai dahuwa ya ce, "To, Malam, ai ka san yadda abin yake. A matse, a dafa, a zuba. Sai godiyar Allah."

Ni kuma in ce, "Haka ne, na sani."

Wallahi ban sani ba. A Damagaram mazarƙwaila a kasuwa nake ganinta, a tire. Amma ta yaya ƙato kamar ni, malamin jami'a, Bahaushe, zai nuna ludayi ya ce mene ne wannan? Kunya ba za ta bar ni ba. Sai in koma zaure da layi uku a takarda, in hango Kenji yana wucewa a bayan babur, an cika masa jaka da mazarƙwaila kyauta, yara da manya na ɗaga masa hannu. Abin ya riƙa ci mini rai. Na tsani hular kabar nan. Na tsani yadda yake durƙusawa ya gaida tsofaffi har ƙasa, ana cewa ya fi 'ya'yan yanzu ladabi. Har yadda yake cin tuwo da hannu, miya na bin gwiwar hannunsa, ana yaba masa. Ni shekara talatin da biyar ina cin tuwo da hannu, ba wanda ya taɓa ce mini sannu.

Abin da ya ƙara ƙona ni, mutumin ba shi da mugun hali ko kaɗan. Da ya ji abin da nake yi, shi ya nemo ni har zaure. Ya ce da Hausarsa mai ɗingishi, "Malam Lawali, kai sa'a. Kai ji duka. Ni ji rabi." Ya ce mu riƙa fita tare. Na ce masa tsarin bincikena daban ne. Ya ce to, ya ba ni lambar wayarsa da adireshinsa na saƙo, ya karɓi nawa, ya tafi yana murmushi. Na bi bayansa da harara.

Da na ga wata biyu sun wuce ba ni da abin nunawa, na kai kukana wurin Alhaji Sale. Ban ce masa ƙyashi ke damuna ba, na ce mutanen Gazara ba sa sakin jiki da ni. Ya ce, "Ka je Taba, a ƙasar Kudan, ka nemi Malam Ilu. Duk wanda ka gani yana dahuwa a nan, ko shi ya koya masa, ko wanda ya koya masa ne ya koya a wurinsa. In ka samu bakinsa, ka gama." Na yi murna biyu: zan samu gwani, kuma zan rabu da Kenji. Ban ko yi masa sallama ba.

Ranar da na isa Taba, aka nuna mini rumfar Malam Ilu a bakin fadama. Tun daga nesa na hango hular kaba a gindin kasko. Ashe ya riga ni da kwana biyu. Ya taso da gudu ya karɓi jakata yana cewa, "Baba, ga abokina! Ga abokina!" Na ji kamar in juya in kama hanyar Damagaram a ƙafa.

Malam Ilu tsoho ne gajere, mai ƙaramar murya, hannayensa duk tabon ƙuna. Ba ya gaggawa. Yana tsaye a kan kasko tun hantsi, yana kwashe kumfa, yana ce wa masu wuta a ƙara ko a rage, ana tura busasshen raken da aka matse a murhu. Can sai ka ga ya tsaya cak, ya ɗaga ludayi ya duba, ya ce, "A sauke." Ba agogo, ba ma'auni. In aka zuba a ƙananan kwanoni ta daskare, sai ta fito ja mai haske, ba ta ƙone ba, ba ta yi ruwa ba. Wannan "a sauke" ita ce zuciyar aikina gaba ɗaya. Ita na baro ƙasata domin in ji yadda ake gane lokacinta.

Ya karɓe ni da mutunci fiye da kowa. Ya sa aka ɗauko mini kujera daga gida, ni kaɗai, kowa na ƙasa. Yana ce mini Malam, ina ce masa Baba. Na yi mako uku a kan kujerar nan. Kullum sai ya waiwayo ya ce, "Malam, ka dai ga yadda muke fama." In ce, "Na gani, Baba, Allah ya taimaka." Ya ɗan tsaya yana kallona kamar mai jiran ƙarin magana, sannan ya juya wurin Kenji, wanda ke tsugune hayaƙi na shiga idonsa yana cewa, "Don me kumfa baƙi? Don me yanzu fari?" Tsohon ya yi ta zuba masa bayani da 'yar muryarsa, ƙarar inji ta hana ni ji daga inda nake. Ina zaune a inuwa kamar hakimi, zuciyata na tafasa fiye da kaskon. Na riƙa ce wa kaina farar fata ce kawai suke girmamawa, mu baƙaƙe ba ma ganin darajar junanmu. Wannan tunani ya yi mini daɗi, don ya ɗauke laifin daga kaina.

Sai wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, muna zaune a ƙofar gidan Malam Ilu da shi da ƙaninsa Malam Garba da wasu dattawa. Kenji ba ya nan, ya tafi Kudan cajin na'urorinsa. Malam Garba ya juyo ya ce, "Malam, kai da ka yi boko mai zurfi, don Allah fahimtar da mu. Wannan yaro Ɗan'asabe, maganar da yake ta ɗauka a na'ura, me zai yi da ita in ya koma?"

Na san amsar. Abin da zan yi da tawa shi zai yi da tasa: ya rubuta littafin da mutum biyar za su karanta, a ba shi digiri. Amma sai na ji wani abu ya taso mini daga ciki. Na gyara zama, na yi gyaran murya na ce, "To, ni dai ban san zuciyarsa ba, kuma ba na son in ɗauki alhakin kowa. Amma kun san mutanen ƙasarsu, ba abin da suke gani su ƙyale. Babur ɗin da kuke hawa, su suka ƙera. In suka gane sirrin dahuwar nan, wa ya sani? Wataƙila nan da 'yan shekaru ku ga mazarƙwaila a kwali, ta inji, mai araha, an kawo muku har kasuwar Makarfi."

Wani dattijo ya ce, "Ikon Allah." Malam Garba ya ce, "Ni dama na faɗa." Malam Ilu ya ci gaba da jan carbinsa. Ni kuwa na tashi ina jin sanyi a raina, har na yi barcin rana mai daɗi, abin da na daɗe ban yi ba.

Washegari na riga kowa zuwa rumfa. Ban ga kujerata ba. Da Kenji ya iso, Malam Ilu ya kira mu mu biyu gefe. Ya ce, "Ɗan'asabe, Malam, mun gode da zama da mu. Amma 'yan uwana sun yi shawara, kuma ni ba na ƙetare shawarar 'yan uwa. Daga yau ba na'ura, ba takarda, ba zama a gindin kasko. Gaisuwa dai tana nan, gidana gidanku ne."

Na ce, "Baba, har da ni?"

Ya ce, "Malam, ai kai ka buɗe mana ido. To shi takarda ta kawo shi, kai ma takarda ta kawo ka. In na kori baƙo ɗaya na bar ɗaya, na yi zalunci."

Kenji bai gane maganar buɗe idon ba, ya dai gane an sallame mu. A hanya ya tsayar da ni, idanunsa sun yi ja. Ya ce, "Malam Lawali, ni yi laifi? Wane laifi? Gaya mini, ni ba haƙuri." Ya shiga lissafo abubuwan da yake zargin kansa da su: ko don ya taɓa miƙa wa tsohon abu da hagu, ko don ya ɗauki hoton doki bai tambaya ba. Na dube shi na ce ban sani ba, mutanen ƙauye haka suke. Har ya riƙe hannuna yana ba ni haƙuri, wai shi ya jawo mini.

Bayan kwana uku ya tafi. Ni na ƙara mako biyu a Taba ina zagaye. Labari ya riga ya kai sauran rumfuna, har Gazara. Duk inda na je sai a gaishe ni da kyau, a ba ni rake, a yi shiru har in tashi. Ina ji ina gani aka sare raken ƙarshe, aka kife kasake, aka kwance injuna. Na koma gida da takardun Ciyaman da littafin rubutuna da ban cika ko rabinsa ba. Rabi ta ce na rame. Malamina ya juya shafukan ya ce, "Wannan shi ne aikin rani guda?" Ya ba ni wata biyu in kawo abin da zai hana a cire sunana. Na san ba ni da shi.

Ana saura mako biyar sai ga saƙo daga Kenji. Wani ya taya shi rubutawa da Faransanci. Ya ce kafin ya bar Taba ya koma wurin Malam Ilu ya tambaye shi ko ya goge abin da ya ɗauka, tsohon ya ce abin da ya riga ya faɗa ya faɗa, ɗalibai su amfana. Ya ce Hausar tsofaffi ta fi ƙarfinsa, yana roƙon in taimaka in rubuta masa ita, ni ma in yi amfani da duk abin da nake so, tunda tare aka kore mu kuma har yanzu yana jin laifinsa ne. Ya turo komai, na Gazara da na Taba, kowanne da ranar da aka ɗauka.

Na karɓa. Ba zan yi ƙaryar cewa na yi jinkiri ba. Na rufe kaina a ofis ina saurare ina rubutawa, kuma da wannan maganar na samu digirina, da ita nake kan kujerata har yau. Komai na ciki: irin raken da ya fi ruwa, yadda ake kwashe kumfa, yadda ake sarrafa wuta. Abu ɗaya ne babu, wato yadda ake gane lokacin saukewa. Na yi ta jira in ji shi har na kai ɗauka ta ƙarshe.

A cikinta, bayan ƙarar inji ta lafa, na ji muryar Kenji yana cewa, "Baba, don me ba ka gaya wa Malam Lawali? Shi ma so."

Malam Ilu ya yi 'yar dariya ya ce, "Kai Ɗan'asabe, ba ka san komai ba, shi ya sa ake gaya maka komai. Wancan malami ne, Bahaushe ɗan Bahaushe. In na kira shi na ce zo ka ga yadda ake kwashe kumfa, ai na ci fuskarsa a gaban mutane. Babba ba a koya masa abin da bai tambaya ba."

Kenji ya ce, "To yaushe a sauke? Gaya mini."

Tsohon ya ce, "Wannan ba taka ba ce. Ba a faɗarta da Hausar mene ne. Sai mai jin magana har ƙasanta, ya tsaya kusa da ni kwana bakwai, ludayi a hannunsa. 'Ya'yana duk sun tafi acaɓa, ba mai so. Wancan malamin nake ajiye wa. Kullum ina waiwayawa in ba shi hanya, kunya ce ke riƙe shi, na gane. Ka bar shi, yaron kirki ne. Zai sauko daga kujerar nan, ko gobe ko jibi."

Na tsayar da na'urar, na duba ranar da Kenji ya rubuta a jikin ɗaukar. Alhamis ce. Gobenta ita ce Juma'ar da na gyara zama na yi gyaran murya.